Dashen na'urar ji a kunne biyu: abin da aka gano a jikin kyanwa, zomo da ɓera

"Assalamu alaikum. 'Yata kurma aka haife ta, yanzu shekararta biyu da rabi. Wata takwas da suka wuce aka dasa mata na'urar ji a kunnen dama, kuma alhamdulillahi ta fara waigowa idan an kira sunanta. Likitocin sun ce kada mu jinkirta yi wa kunnen hagu shi ma. Da na nemi dalili, sai ɗaya daga cikinsu ya ce an tabbatar da haka a gwajin da aka yi wa kyanwoyi da ɓeraye. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Me ya haɗa kunnen ɓera da na ɗan Adam? Kuma idan an yi na biyun, za ta riƙa ji kamar kowa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya buɗa mata baki da alheri. Tambayarka gida biyu ce: ko gwajin dabba hujja ce da ta isa a sake kwantar da yarinya a yi mata tiyata, da kuma iyakar abin da kunne na biyun zai ƙara mata. Aikina shi ne auna ji da saita wa waɗanda aka yi wa dashe na'urorinsu, saboda haka zan haɗa maka abin da masu bincike suka wallafa da abin da nake gani da idona a ɗakin gwaji.

Amfanin kunne biyu

Kunne ɗaya ya isa mutum ya gane magana a ɗakin da babu hayaniya. Abin da bai iya yi shi ne gaya wa mai shi daga ina sautin ya fito. Ƙwaƙwalwa tana gano wannan ne ta hanyar gwada abin da kunnen dama ya kawo da abin da na hagu ya kawo, kuma tun a 1907 masanin kimiyyar nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana cewa ma'aunai biyu take amfani da su. Na farko bambancin ƙarfi: idan babur ya taho ta damanka, kanka yana tare wa kunnen hagu wani ɓangare na ƙarar, har bambancin ya kai desibel 20 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a sauti mai tsini. Na biyu bambancin lokaci: sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, don haka yana riga isa kunnen da ya fi kusa. Tazarar ba ta wuce maikurosakan 700 ko da sautin daga gefe sosai ya zo, kuma maikurosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa. Mai lafiyayyen kunne yana iya rarrabe tazarar da ba ta fi maikurosakan 10 zuwa 20 ba. Babu wata gaɓar ji ko gani a jikinmu da ta kai wannan tsantseni wajen auna lokaci, kuma da shi ne kake tsinto muryar abokinka a tsakiyar kasuwa ka kawar da ta sauran jama'a.

Na'urar da aka dasa wa 'yarka ba ta ƙara wa sauti ƙarfi kamar na'urar saƙalawa ta tsofaffi. Wata siririyar waya ce aka zura cikin katantanwar kunne, wato gaɓar nan ta can ciki mai naɗi kamar katantanwa, mai bakuna tsakanin 12 zuwa 22 gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, tana aika ɗan bugun lantarki kai tsaye zuwa jijiyar ji. Lafiyayyen kunne kuwa yana da ƙwayoyin gashi na ciki kusan 3,500 masu wannan aiki. An ƙera na'urar ne tun asali domin kunne ɗaya ya gane magana. Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana ta Ostiriya a 1977, da Graeme Clark a Melbon ta Ostareliya a 1978, burinsu kurma ya ji kalma, kuma sun cim ma burin. Zancen kunne biyu daga baya ya taso, sai aka ɗauki na'urar da aka yi wa kunne guda aka sa wa kowane gefe tasa.

A ɗakin gwajinmu mukan zaunar da mutum a tsakiyar lasifikoki da aka jera kamar rabin da'ira, mu saki sauti daga ɗaya, mu ce ya nuna ta. Mai dashe ɗaya kusan caca yake yi, yawanci ma duk abin da ya ji sai ya nuna gefen da na'urarsa take. Mai dashe biyu yakan dace da gefen, amma kuskurensa kan kai digiri 20 zuwa 30 na kusurwa, alhali mai lafiyayyen kunne bai fi kuskuren 'yan digirori ba. Wani dattijo da ya kurumce da girmansa ya taɓa ce mini: "Ina jin sallama sarai, amma sai na leƙa ƙofofi uku kafin in ga mai ita." Idan aka bi diddigi, sai a tarar masu dashe biyu da bambancin ƙarfi kawai suke aiki, bambancin lokacin nan ya ɓace musu, musamman waɗanda aka haifa kurame. To, laifin na ƙwaƙwalwa ne da ba ta koyi aikin tun tana ƙarama ba, ko na na'urar ne da ba ta kai mata saƙon daidai? A nan dabbobin suka shigo.

Dalilin komawa ga dabba

Inda saƙon kunnuwa biyu yake fara haɗuwa can ne cikin gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ba a isa a soka wa ɗan Adam waya don a saurari ƙwayar jijiya guda ba. Haka kuma babu wanda zai amince a raba jarirai gida biyu, a yi wa waɗannan dashe yau, a bar waɗancan shekara uku don a ga bambanci. Mutanen da ke zuwa asibiti kuma kowa da tarihinsa: wani sanƙarau ne ya kurumta shi yana ɗan shekara biyar, wani gado ne, wani ya yi shekara ashirin bai ji komai ba. A jikin dabba ana sanin ranar da ji ya ɗauke, da ranar da aka dasa na'ura, da kowane bugu da aka aika. Tsarin hanyoyin ji daga katantanwa zuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa kuwa ɗaya ne a jikin dabbobi masu shayarwa, tashoshin nan da ke kanka su ne a kan kyanwa. Ba a kuma yin gwajin gaba gaɗi, domin a Turai da Amurka sai kwamiti ya tantance adadin dabbobin da yadda za a rage musu wahala kafin a ba da izini.

Kyanwa ce ta fi daɗewa a wannan fage, saboda wata baiwa da ta zo da ita. A cikin fararen kyanwoyi, musamman masu shuɗin ido, akwai waɗanda ake haifa kurame, ƙwayoyin gashin kunnensu na lalacewa tun kafin su fara ji, amma jijiyar jin tana nan da sauranta. Kusan irin halin da ake haifar yara kamar 'yarka ke nan. A 2005 David Ryugo da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa mahaɗar da ke tsakanin jijiyar ji da ƙwaƙwalwa, wadda ke gurɓacewa a jikin kurman kyanwa, tana komawa kusan daidai idan an dasa wa 'yar kyanwar na'ura ta yi watanni tana aiki.

Abin da likitanku ya dogara da shi, a zatona, aikin Andrej Kral ne a Hanoba ta Jamus. Ya dasa wa irin waɗannan kyanwoyi na'ura a kunne ɗaya kacal, ya bar su suka yi watanni da ita, sannan ya auna yadda ɓawon ƙwaƙwalwa, wato samanta inda ake fassara abin da aka ji, ke amsa wa kowane kunne. Sakamakon da ya wallafa a 2013 ya nuna cewa kunnen da ya riga ya fara aiki yana mamaye filin ɗan'uwansa: ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu duk sun karkata gare shi, suna amsa masa da sauri da ƙarfi fiye da ɗayan. Kuma gwargwadon ƙuruciyar dabbar lokacin da ta fara ji da kunne ɗaya, gwargwadon tsananin karkatar. Kunnen da aka bari bai mutu ba, sai dai ya zama kamar ƙanin da ba a sauraron maganarsa a taron gida. A shekarar ce kuma Karen Gordon a asibitin yara na Toronto ta sami irin wannan karkata a ƙwaƙwalwar yaran da aka bar tazarar da ta haura shekara ɗaya da rabi tsakanin dashensu na farko da na biyu, yaran da aka yi wa biyun tare ko kusa da juna kuwa ba ta same ta a jikinsu ba. Ka ga a wannan gaɓa ba kyanwa kaɗai ce ta ba da shaida ba. Ita ta nuna yadda abin ke faruwa a ciki, yara suka tabbatar da faruwarsa.

Inda gizo yake saƙa: lokaci

A Boston, ɗakin binciken Bertrand Delgutte ya shafe shekaru yana sauraron ƙwayoyin jijiya na tsakiyar ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya a jikin dabbobin da aka yi wa dashe biyu. A 2007 shi da Zachary Smith suka tarar cewa a kyanwar da ta girma da jinta kafin a kurumta ta, ƙwayoyin suna gane tazarar lokaci tsakanin bugun dama da na hagu kusan kamar yadda suke gane ta a sauti na gaske, amma da sharaɗin bugun ya kasance a hankali. Da zarar ya haura kimanin 100 a daƙiƙa, sai yawancinsu su amsa bugun farko kawai su yi tsit. Wannan ya tayar da hankali, domin na'urorin da muke saita wa mutane suna bugawa ne wajen sau 900 a daƙiƙa ko fiye, kuma da wannan saurin ne magana ke fitowa sarai. A 2010 Kenneth Hancock da sauran 'yan ɗakin suka maimaita gwajin a fararen kyanwoyin da aka haifa kurame, suka ga ƙwayoyin da ke gane tazarar sun ragu da kusan rabi. Da yawa suka ɗauka magana ta ƙare: wanda bai ji da kunne biyu yana jariri ba, ƙofar ta rufe masa.

Sai dai kyanwoyin nan duk a cikin maganin barci aka auna su, maganin kuwa yana danne jijiyoyi. Da Yoojin Chung ta koma kan zomaye a farke, sai ta ga ƙwayoyin suna bin bugu mai sauri fiye da yadda aka gani a kyanwa mai barci. Daga baya ɗakin ya nuna cewa zomon da aka kurumta tun yana jariri, idan aka sa masa na'ura biyu yana yawo da su kullum, wani ɓangare na wannan basira yana dawowa.

Ɓeraye ne suka juya zancen gaba ɗaya. Nicole Rosskothen-Kuhl a Firaibog ta Jamus da Jan Schnupp a Hong Kong sun kurumta jariran ɓeraye da allurar kanamaisin. Bari in ɗan ratsa a nan: wannan magani dangin jentamaisin ne da ake yi wa yaranmu allurarsa a shagunan magani ba bisa ƙa'ida ba, kuma abin da yake yi wa kunnen ɓera yana iya yi wa kunnen yaro. Aka bar ɓerayen suka girma ba su jin komai, sannan aka dasa musu waya a kunnuwa biyu. Akwatin gwajin yana da famfo uku a jere. Ɓera mai jin ƙishirwa zai lashi na tsakiya, nan take a aika masa jerin bugu a kunnuwa biyu, ɗaya na riga ɗaya da 'yar tazara. Idan kunnen hagu ne ya riga, ɗigon ruwansa na famfon hagu, idan na dama ne, na famfon dama. In ya yi kuskure, babu ruwa, sai ya ɗan jira kafin a sake ba shi dama. Haka zai yi ta kai da komo sau ɗaruruwa a zama guda, ana ta rage tazarar don a ga inda zai fara lalube. Sakamakon da suka wallafa a 2021 shi ne ɓerayen suna rarrabe tazarar da ta kai ƙanƙantar maikurosakan 50, daidai da ɓera mai lafiyayyen kunne. Dabbar da ta tashi kurma ke nan, kuma an jinkirta mata dashe har ta balaga.

Abin da ya bambanta ɓerayen da marasa lafiyarmu shi ne, tun daga bugun farko da suka taɓa ji, kwamfuta ɗaya ce ke sarrafa kunnuwan biyu da agogo ɗaya. Na'urorin asibiti kuwa kowace da nata agogon, ba ta san abin da 'yar'uwarta ke yi ba. Yi lissafin da kanka, Malam. Idan ana bugu 900 a daƙiƙa, tsakanin bugu da bugu akwai kusan maikurosakan 1,100. Idan agogon dama da na hagu ba su daidaita ba, bugun wannan na iya riga na wancan da duk abin da ya kama daga sifili zuwa 550, ba tare da wata alaƙa da inda mai magana yake tsaye ba. Wannan kuwa ya kusa cinye duk faɗin tazarar da kan mutum ke samarwa. Kamar 'yan aike biyu ne, kowa agogonsa na tafiya yadda ya ga dama, kullum suna kawo maka lokutan da suka saɓa. Ba da daɗewa ba za ka daina tambayarsu ƙarfe nawa. Masu binciken suna ganin haka ƙwaƙwalwar yaro ke yi, ta koyi watsi da ma'aunin da ke yi mata ƙarya.

Masu ƙera na'urori sun daɗe da fatan cewa ko da bugun kansa bai daidaita ba, tashi da saukar ƙarfin sautin da aka ɗora a kansa zai isar da saƙon lokaci. Ayyukan da masu gwajin ɓerayen suka biyo da su sun nuna akasin haka: da aka sa lokacin bugun ya nuna hagu, tashin ƙarfin ya nuna dama, ɓerayen bugun suka bi nesa ba kusa ba. Sun kuma ci gaba da gane tazara har a bugu 900 a daƙiƙa. A ra'ayina wannan ne sakamako mafi nauyi a fagen cikin 'yan shekarun nan, domin ya ɗauke wani kaso na laifin daga ƙwaƙwalwar kurma ya ɗora shi a kan injiniya, kuma abin da injiniya ya ɓata ana iya gyara shi.

Iyakar abin da dabba za ta faɗa

Ɓera ba ya koyon Hausa. Abin da aka ba shi jerin bugu ne tsantsa a ɗakin da babu motsi, ba magana a tsakar gida ana daka ana kukan awaki ba, kuma har yanzu ana fama da yadda za a cusa sahihin lokaci cikin bugu ba tare da an rage tsabtar magana ba. Ana kuma yi wa gwajin wata suka mai ma'ana: ɓera yana fara ji ne wajen kwana 12 da haihuwa, allurar kuma tana ɗaukar kwanaki kafin ta gama aikinta, saboda haka ba mamaki ya ɗan ɗanɗani sauti kafin ya kurumce, abin da farar kyanwa ba ta samu ba. Ma'aunan ma sun bambanta, domin na kyanwa amsar ƙwayar jijiya ce, na ɓera kuma zaɓin famfo ne bayan horo. Shi ya sa ba na ce wa iyaye ɓera ya ƙaryata kyanwa. Abin da nake ce musu shi ne kyanwa ta nuna jinkiri yana barin tabo, ɓera kuma ya nuna tabon bai kai yadda aka ɗauka ba idan saƙon da ke shiga sahihi ne.

Akwai gwaji ɗaya da za ka iya amfana da shi a gida tun yanzu. A Jami'ar Oksfod, ƙungiyar Andrew King da Douglas Hartley ta yi dashe biyu a jikin wata dabba da ake kira ferit, mai kama da tunku. Waɗanda suka kurumce tun suna ƙanana aka yi musu dashe da girmansu sun kasa gano inda sauti yake, ko bayan an yi ta maimaita musu. Da aka riƙa cakuɗa musu gwajin sauti da na haske daga wurare guda, sai jin nasu ya inganta, aka kuma ga canjin a ɓawon ƙwaƙwalwarsu. An wallafa wannan a 2014. Ido ya zama malamin kunne. Tun daga nan nake ba iyaye shawarar wasan ɓuya mai sauƙi: uwa ta kaɗa cokali a kwano daga gefe yarinya na kallo, a sake daga ɗaya gefen, sannan a rufe mata ido a ce ta nuna.

Maganar 'yarka

Ba za ta ji kamar kowa ba, ko da na'ura ɗaya ko da biyu, kuma duk wanda ya yi maka wannan alkawari ya zarce abin da aka sani. Abin da na biyun zai ba ta shi ne ta san gefen da mota ke tahowa, ta kasance kullum tana da kunne a ɓangaren da malamin aji yake ko da hayaniya na ɗaya ɓangaren, ta rage gajiyar sauraro, kuma ranar da na'ura ɗaya ta lalace kada duniya ta yi mata shiru ɗif har a samo kayan gyara. Saboda irin waɗannan dalilai ne hukumar da ke tantance magunguna a Ingila ta amince tun 2009 a riƙa yi wa yara kurame dashe biyu a lokaci guda. Yaran da na saita wa na biyu cikin shekara guda da na farko yawanci sukan karɓe shi cikin makonni. Waɗanda suka zo bayan shekara biyar ko shida kuwa, da yawansu sukan ce sabon kunnen ƙara kawai yake yi musu, wasu har su riƙa cire shi su sa a aljihu idan sun fita daga gida, sai an yi ta lallashi da horo na watanni.

Wata takwas kuka yi, don haka kuna cikin lokaci, amma ba lokacin da za a yi sakaci da shi ba. Da sanƙarau ne ya kurumta ta, da na ce ku hanzarta fiye da haka, domin bayan wannan ciwo katantanwa kan cike da ƙashi har waya ta kasa shiga. Kafin ku yanke shawara, a sake auna kunnen hagun da kyau: idan yana da sauran ji mai amfani, na'urar saƙalawa ta gama-gari a wannan gefen tana iya riƙe jijiyar a farke, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na dashe ba. A duba hoton kan a tabbatar jijiyar hagun tana nan, a kuma auna daidaiton tsayuwarta, saboda gaɓar da ke hana jiri maƙwabciyar katantanwa ce, tiyata a gefe biyu tana iya taɓa ta.

Sai lissafin da iyaye suka fi mantawa da shi. Na'ura biyu na nufin batir biyu, igiya biyu, da canjin na'urar bayan kunne sau biyu duk bayan 'yan shekaru, har iyakar rayuwarta. Idan kuɗin tiyata ta biyu zai cinye na kula da ta farko da na malamin koyar da magana, to na'ura ɗaya da ke kunne daga asuba zuwa barci ta fi biyu da ke kwance a akwati. Idan kuwa Allah ya hore muku duka, ku yi na hagun kafin tazarar ta kai shekara ɗaya da rabi, ku kuma roƙi mai saita mata ya daidaita ƙarfin gefen biyu a zama ɗaya, yana kunna su tare, domin galibi da bambancin ƙarfin nan ne za ta riƙa gane gefe a halin da na'urori suke yanzu.